Ana Neman Direban Titan a Damagaram, Ga Kaka Ta Kama

Mai Titan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman direban babbar mota, wato titan, in an samu biyu ma ina so. Ɗaya DAF ce, ɗaya Howo. Yawancin aikinmu daga Damagaram zuwa Kano ne ta Matamai da Ɗan Barto, wani lokaci Agadas, in lodi ya faɗo kuma har Yamai. Albashi jika 70 a wata, ban da kuɗin hanya. Sharaɗina: farmin tuƙi mai C da E wanda ba na saye ba, shekara 5 ko fiye a kan babbar mota, ba ya shan ƙwaya, sannan ya zo da mutumin da aka sani a gari wanda zai tsaya masa. DAF ɗin tana ajiye a gareji tun kafin a fara roron wake. Ƴan kasuwa na ta kirana, ni kuwa ba wanda zan danƙa wa makulli. Gari cike da samari marasa aiki, amma direban kirki ya gagara. Wanda ya san wani ya taimaka.

Direban Tanka:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga neman mutum, kwanakin jira wa ke biyan su?

Mai Titan Biyu:
Wane jira kuma? Albashi ai na wata ne, mota ta tafi ko ba ta tafi ba.

Direban Tanka:
To nan gizo ke saƙar, ranka ya daɗe. Daga nan zuwa Kano bai cika kilomita 300 ba, don haka kuke lissafa kuɗin hanya a kan yini ɗaya zuwa, yini ɗaya dawowa. A takarda haka ne. A ƙasa kuwa, ka tsaya kan iyaka har takardun kaya su fito, ka isa kasuwar Dawanau ka tarar da motoci jere a gabanka, mai kaya ya ce dillalinsa bai zo ba tukuna. An sauke da ƙyar, sai maigida ya bugo ya ce kada ka kuskura ka dawo wayam, ka jira lodin dawowa. Tafiyar kwana 2 ta koma mako guda. Cikin makon nan direba ne ke ci da kansa da yaransa, shi ke biyan mai gadin dare, shi ke miƙa na goro a kowane shinge. Kuɗin hanya ya ƙare tun tuni. Daga ina sauran zai fito? Daga jika 70 ɗin da ya kamata ta je gida a sayi hatsi. Direbobi muna nan, Alhaji. Lissafi ne kawai muka iya.

Ɗan Kamasho a Tasha:
Direban Tanka ya faɗi rabi, sauran rabin kuwa shi kansa ne hujja. Ku tambaye shi me ya raba shi da motar kaya. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a hanyar Tanut a ƙarshen 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, duk man nan a kan taya yake fita zuwa Maradi, Tawa, Yamai, Agadas, Difa. Masu tankoki suka kwashe hannayen kirki, domin ba mai ɗora ɗan koyo a kan abin da ke kamawa da wuta. Kuma aikin mai ba ya jiran kaka, shekara zagaye ake lodi. Motar kaya fa? Tana gudu lokacin wake da riɗi da gyaɗa da raken Matamai, sai kuma dabbobi in Layya ta matso. Sauran watanni ku zo tasha ku ga majalisa da butar shayi. Mai iyali wanne zai zaɓa?

Alhaji na Birni:
Ku yi haƙuri in sa baki, na ga an taru a kan masu mota. Ni ma ina da motoci, kuma abin da idona ya gani zan faɗa. Na taɓa sa wa mota sababbin tayoyi ta tafi kudu, ta dawo mini da tsofaffi an goge su da baƙin mai suna ƙyalli. Na taɓa samun direban da gazuwal ba ya taɓa isar sa, sai daga baya na ji har abokan ciniki gare shi a ƙauyukan hanya, suna jiran sa da jarkoki. Wani kuma ya ɗora nasa lodi a saman nawa, ya ƙara da fasinja, sai da sifirin ya karye na sani.

Sannan ku duba shekarun da muka ratso. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi canjin gwamnati ran 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har watan Maris na 2024. Duk tsawon lokacin nan mota na tsaye, inshora na ci, bashin da aka sayi motar na ci, kuma wasunmu ba su sallami direbobinsu ba. Ga naira da ta zube tun tsakiyar 2023. In an biya ka kuɗin lodi a Kano, kafin ka mayar da shi sefa ya rame. Wanda ke ganin mai titan kuɗi yake haƙowa, ya sayi ɗaya ya gani.

Direban Tanka:
Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ban musa ko ɗaya ba. Akwai ɓata-gari a cikinmu, mu ma muna jin kunyar su. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana auna wa direba gazuwal kamar motar jiya ta fito daga kamfani, alhali injin ya tsufa, an kuma loda mata abin da ya fi ƙarfinta. In man ya kasa, daga aljihunsa. In ya yi rara, a ce ɓarawo ne, ashe da ma yana ragewa. To ina zai sa kansa? A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618. Masu mota nawa ne suka ce bari mu ƙara wa direba wani abu cikin wannan sauƙin? Ni maigidan da na fi daɗewa da shi, ga yadda muka yi: muka tafi tare sau ɗaya, ya ga abin da motar ke sha da idonsa, muka yanke lita kaza ga kowace hanya, ya ce abin da ya ragu naka ne halak malak. Daga ranar na daina taka totur kamar ana kora ta. Motar ma ta huta.

Baba Tsohon Direba:
Salamu alaikum ƴaƴana. Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. An karanta mini duk abin da kuka ce. Alhaji mai neman direba, ni tambaya gare ni: tun da ka fara sayen mota, yara nawa suka zama direbobi a hannunka?

Mu da muka tashi zamanin gyaɗa, lokacin kamfanin gyaɗa na SONARA na saye ana lodi a motocin Berliet, ba makaranta ce ta yi mu ba. Ubanka zai kama hannunka ya kai ka wurin direban da ya yarda da shi, ya ce ga ɗanka nan. Ka fara da wankin mota da dafa shayi. In an tsaya a gangare kai ne mai dirowa da gudu ka sa waigi a bayan taya. Ka koyi ɗaure tampol yadda iskar gabas ba za ta shiga ƙarƙashinsa ba, ka koyi faci, ka koyi kwance taya da rana tsaka har hannunka ya yi kanta. Sai an ga hankalinka sannan a ce tayar da injin ya yi ɗumi. Bayan nan a ce matsa da ita gaba kaɗan a cikin tasha. Wata rana da asuba, an wuce Takeita, hanya ta miƙe ba kowa, sai maigida ya ce zo ka riƙe, shi kuma ya koma gefe ya yi kamar barci yake, alhali kunnensa na kan giya. In ka sa ta da ƙara, ba zai buɗe ido ba, hannunsa kawai za ka ji a ƙeyarka.

Ranar da ya gamsu, shi da kansa zai kai ka wurin mai mota ya ce, Alhaji, wannan yarona ne, na tsaya masa. Wannan ita ce tsayawar da kake nema yanzu a wurin mutumin da aka sani a gari. Amma liman ko mai unguwa ya san yaro yana salla, bai san yadda yake shiga kwana da lodi ba. Mai tsaya wa direba direba ne.

Yanzu me ake yi? Mota mai yara uku an mayar da ita mai yaro ɗaya, shi ma ba a ba shi ko sisi sai abin da direba ya tsakura masa. An ce wa direba in ka ba yaro sitiyari na kore ka. Yara suka ga ba gaba, suka watse. Wasu kabu-kabu, wasu adaidaita, wasu suka bi zinariyar Jado tun 2014 ba su sake waiwayar mota ba. Kowa na son ya ɗauki direban da wani ya rena. To wa zai rena? Ku yi mini haƙuri, tsoho ba ya gajarta magana.

Ɗan Kamasho a Tasha:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi an rufe tasha da wannan.

Yaron Mota:
Baba ya faɗi abin da ke cina. Na daɗe ina bin mota. Ina iya ja da baya da titan in shigar da ita ƙofar sito ba tare da an ce mini dama ko hagu ba. Maigidana in barci ya kama shi tsakanin Tasawa da Maradi ni yake ba, a ɓoye. Amma farmina na ƙaramar mota ne, kuɗin C da E ba ni da su, abin da nake samu ko wanki da sabulu bai isa ba. Alhaji ya ce shekara 5 a kan babbar mota. Shekarun da na yi ina kwana ƙarƙashinta, suna cikin lissafi ko ba sa ciki?

Mai Titan Biyu:
Ɗana, ban raina ka ba. Amma ka sani, in na ba ka mota ba farmi, Allah ya kiyaye wani abu ya faru, inshora ba za ta biya ko dala ba, ni da kai duka za a riƙe. Dukiyar miliyoyi ce, kuma ba tawa ni kaɗai ba, akwai haƙƙin ƴan uwa a ciki.

Akawun Sito:
Ina aikin lissafi a wani sito, bari in kawo abin da takarda ta ce, tunda kowa na magana da baki. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024. Wato jika 70 ta haye doka, ba wanda zai kama Alhaji a kan wannan. Amma yaron mota fa, da ke aiki dare da rana ba albashi? Na biyu, rajistar ma'aikaci a CNSS, wato asusun kula da ma'aikata na ƙasa. Ita ce ke ɗaukar haɗarin wurin aiki da kuɗin iyali da fansho. Direbobi nawa na motocin ƴan kasuwa ke da lamba a can? Ku tambaya a tasha ku ji. Wannan na cikin abin da ke jan mutane zuwa manyan kamfanoni ko da albashin bai fi naku da yawa ba. Direbobin SNTN, kamfanin sufuri na ƙasa na dā da Baba ya sani, ai abin da ya sa ake sha'awar su ke nan.

Shawarata ga Alhaji: nemi gogaggen direba ɗaya, ka ɗauki irin wannan yaron ka biya masa farmi, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa zai yi maka aiki shekara 2, in ya tafi kafin nan ya biya abin da ya rage. Kafin kaka mai zuwa kana da direba na biyu wanda ka san halinsa.

Alhaji na Birni:
Malam Akawu, na yi wannan. Na biya wa yaro farmi, ko tawadar ba ta bushe ba ya koma wurin masu tanka. Na je gidansu, ubansa ya ce in yi haƙuri, abinci ne ya kira shi. Wa zan kai ƙara, maƙwabcina?

Akawun Sito:
An rubuta, Alhaji?

Alhaji na Birni:
Tsakanina da ɗan maƙwabcina sai na kawo takarda?

Direban Tanka:
To ka ji. Mu ma haka ake ce mana in mun nemi a rubuta albashi: tsakanina da kai sai takarda?

Matar Direba:
Ku gafarce ni iyayena da yayyena, na ga ba mace a zancen, alhali mu ne ke zaune da abin. Maigidana babbar mota yake ja. Tun da aka daina bi ta gadar Gaya zuwa Kwatano, lodin teku ya koma Lome ta Burkina. Daga nan zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, kafin a ce garuruwan Tera, Dori da Kaya. Hanyar nan sai da rakiyar soja, sai an tara ayari, kuma kowa ya san an sha kai wa ayarin hari. In ya tafi, ba ni da ranar dawowa da zan faɗa wa yara. Waya ta yi kwanaki ba ta shiga.

Ni abin da zan ce wa masu mota, in kuna son direba ya zauna da ku, ku dubi gidansa. Ba sadaka nake nufi ba. A yanke rana ɗaya a wata da rabin albashinsa zai iso hannun iyali, ko yana Lome ko yana Arlit. Akwai wanda maigidana ya yi wa aiki, in na aika yaro karɓar kuɗin cefane sai a ce Alhaji ya fita, a dawo gobe. Goben nan har na fara sayar da kayan ɗakina. Da ya dawo ni na ce masa ya ajiye makullin. Ku sani, sau da yawa direban da ya bar ku, a gida aka yanke shawarar.

Maganar ƙwaya kuma. Ba na kare mai sha. Amma wanda ke bugo waya ƙarfe 2 na dare yana cewa lalle kaya su kwana a kasuwa kafin gari ya waye, me yake so mutum ya sha, kunu?

Hajiya Mai Wake:
Ƴar uwa, Allah ya dawo miki da shi lafiya. Ni mai ba da lodi ce, kuma in gaya muku gaskiya ban taɓa tambayar motar wa ce ba, tambayata wa ke jan ta. Akwai direban da in ya canza maigida, ni ma na canza mota. Buhuna 400 in na ba shi, 400 zai sauke, ba wanda aka soka wa ƙarfe aka tsiyaye kwano biyu. In ruwa ya tare shi ya san ya tsaya ya gyara tampol. Alhaji, direba irin wannan ba albashi kake biyan sa ba, kasuwa yake kawo maka. Ka ba shi wani kaso a kan kowane lodi, ko kaɗan ne, ka ga in zai bar motarka ta kwana wayam a Kano.

Bakanike na Hanyar Tanut:
Hajiya, da ke da sauran masu kaya akwai taku a ciki. Doka mai lamba 14 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu amfani da sefa, tun 2005, ta ce titan mai gatari 6 kada ta wuce tan 51, har da nauyin motar kanta. Ku zo gareji ku ga abin da ake ɗora musu. Mai kaya na son ƙari don kuɗin buhu ya sauka, mai mota na son ƙari don kuɗin lodi ya hau, in an je sikeli ko taya ta fashe da zafin watan Afrilu sai a ce direba ne ba ya da hannu.

Amma ba wannan ya kawo ni ba. Alhaji, kana ta maganar farmi da shekaru. Ni in za a gwada direba, ba na ko duba takardarsa da farko. Miƙa masa makulli da safe, motar ta kwana, ka koma gefe ka yi shiru. Wanda ya haye kai tsaye ya murza makulli, sallame shi da na goro. Direba zai fara zagaya ta. Zai zaro sandar baƙin mai ya goge ya sake tsomawa, ya leƙa ruwan lagireto, ya ɗauki ƙarfe ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, don ta ciki in ta sace ido ba ya gani, kunne ke ji. Zai durƙusa ya ja zaren tankin iska ruwan da ya taru ya zube. Zai duba inda kai ya kama bodi, ya taɓa igiyoyin iska. In ya tayar, ba zai motsa ba sai allurar iska ta hau, domin birkin babbar mota da iska yake aiki. Sannan ka jera duwatsu biyu ka ce ya shigar da bodin tsakaninsu da baya. Kafin shayi ya nuna ka san wanda ke gabanka. Lokacin hunturu kuma tambaye shi sau nawa yake kakkaɓe filtar iska a hanyar Agadas. In ya tsaya tunani, bai taɓa bin ta ba.

Ɗan Daura:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren. Alhaji, me zai hana ka leƙo nan? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 motoci da yawa sun kwanta, direbobi na zaune. Albashin sefa in aka canza shi yanzu ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Daura, Kazaure, Maigatari, duk akwai masu lasin da suka san iyakar Kwangwalam kamar tsakar gidansu. Harshe ɗaya, addini ɗaya, wasu ma iyayensu daga nan wajenku suke.

Ɗan Agadas:
Ɗan uwa na Daura, hanyar Kano za su iya, har su fi namu sanin lungunan Dawanau. Amma Alhaji ya ce har Agadas. Wannan wata duniya ce. Kilomita sama da 400, in ka wuce Tanut sai Adarbisanat, tsakani ba bakanike ba mai faci. Dole mutum ya san inda zai rage iskar taya in ya sauka kan rairayi, ya san ruwan da zai ɗauka, ya san lokacin da ba a tafiya. Ga takardun hanya duk da Faransanci. Mu ma nan ƙarancin muke gani. Tun da aka soke dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure a Nuwamban 2023, samari masu hannu sun koma Hilux, hanyar Dirku. Tafiya ɗaya ta fi musu albashin titan, ko da yake kowa ya san abin da ke cikinta.

Ɗan Kamasho a Tasha:
Kuma kada a manta da sandika, ƙungiyar direbobi. Baƙon direba sai an san shi a layi, in ba haka ba zai yi ta kallon ana lodi ana wucewa. Ba ƙiyayya ba ce, kowace tasha haka take, ku ma can haka kuke yi mana.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, tunatarwa. Na goge saƙo biyu, ɗaya da lambar waya, ɗaya da sunan wani direba ana zarginsa da sata. Ba a nan ba. Mai son aikin ya bi Alhaji ta akwatinsa. A ci gaba da muhawara cikin mutunci.

Alhaji na Birni:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Duk abin da kuka lissafa, CNSS, kaso, kuɗin jira, farmin yaro, daga kuɗin lodi ɗaya zai fito, kuma kuɗin lodi ba mu ke yanka shi ba. Motoci sun yi yawa a kan kaya kaɗan, in ka ce a'a wani zai ɗauka a ƙasa da haka. Ga jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi ana ta aikinsa tun 2021. Ranar da ya fara ɗaukar kaya, sai mu ga wanda zai biya kwanan jira.

Ɗan Daura:
Alhaji, jirgin ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi ya shiga Maradi. Ko ya zo, wa zai kai masa waken Mirya da Magarya bakin tasha? Raƙumi?

Mai Titan Biyu:
Na karanta duka, na gode wa kowa, musamman Baba. Ga abin da zan iya, abin da ba zan iya ba kuma ba zan yi alkawarinsa ba. Albashi yana nan jika 70. In tafiya ta wuce kwana 3 ba da laifin direba ba, kowace rana jika 3 ta abinci, shi da yaro. Gazuwal za mu auna tare a tafiyar farko, rara tasa ce. Rabin albashi zai je gida ran 5 ga wata in ya so. Za a rubuta, Malam Akawu zai taimaka in ya yarda. Maganar CNSS sai mun yi wata 3 tare na ga zamansa. Kaso a kan lodi kuwa, Hajiya, ban shirya ba tukuna. Lome ba na zuwa, don haka wannan ba ya ciki. Mai tsayawa kuma na karɓi maganar Baba, direban da ya koya masa ya isa.

Direban Tanka:
An matso, Alhaji. Amma haɗari ba ya jiran wata 3. In taya ta fashe a makon farko fa? Sannan jika 3 ga mutum biyu a Kano, a ƙara dubawa. Duk da haka akwai wani abokina da ya gaji da kwanan layi, zan karanta masa, shi zai yanke.

Yaron Mota:
Alhaji, ni fa? Ko gwajin duwatsun a bar ni in yi, a gani.

Mai Titan Biyu:
Ka zo ran Asabar bayan sallar asuba, garejin da DAF take. A cikin gareji kawai, ba kan titi ba. In Bakanike ya ce ka iya, za mu zauna da maigidanka a yi maganar farmi, don ba zan ɗauke masa yaro a bayan idonsa ba.

Baba Tsohon Direba:
Jikana zai kawo ni a babur. A ajiye mini kujera a inuwa.

Bakanike na Hanyar Tanut:
To Alhaji, ka aiko da batir biyu tun ran Juma'a, na motar sun mutu tun watan jiya. Kuma tayar baya ta ciki, ɓangaren hagu, na gaya maka tun da damina ba za ta kai Matamai ba.